Fasto Martin Luta King da Shekarar Wahala ta 1968

A wannan wata za mu ba masu karatunmu labarin wani fasto baƙar fata na ƙasar Amurka, sunansa Martin Luta King. Da yawa a cikinmu sun ji sunan nan, waɗansu ma sun ga hotonsa, amma galibi labarin kwanakin da duniya take yabonsa ne ya iso kunnenmu. Mu kuwa muna so mu fi daɗewa a kan shekararsa ta ƙarshe, watau 1968, sa'ad da ƙasarsa take yaƙi a waje, birane suna cin wuta a gida, ana kuma harbe shugabanni. A lokacin nan masu yabonsa sun ragu ƙwarai, har waɗansu na jikinsa suna shakkar hanyarsa. Bari mu duba ko ya riƙe abin da ya yi ta wa'azinsa, cewa mai bin Yesu ba ya ɗaukar fansa, ba ya kuwa yin shiru a gaban zalunci.

An haife shi ran 15 ga Janairu, 1929, a birnin Atlanta, a kudancin Amurka. Gidansu gidan fastoci ne. Kakansa na wajen uwa ya yi kiwon ekklesiyar Baftis ta Ebenezer, ubansa ya gaje shi, uwarsa Alberta kuwa ita ce take kaɗa ogan a sujada. Sunan da aka raɗa masa da fari Maikel ne, kamar na ubansa. A 1934 uban ya yi tafiya zuwa Jamus, ƙasar Martin Luta, mutumin nan da ya tsaya a kan gyaran ekklesiya. Bayan dawowarsa ya ɗauki wannan suna, ya kuma ba ɗansa.

An hana bauta a Amurka tun 1865, amma a jihohin kudu doka ta raba baƙi da farare a cikin kome. Makaranta dabam, wurin cin abinci dabam, har famfon shan ruwa dabam. A cikin bas baƙar fata sai kujerun baya, ga kuma dabaru iri iri na hana shi jefa ƙuri'a. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, har majami'u a rabe suke, alhali Littafi ɗaya yake hannun kowa. Cikin wannan hali yaron ya girma. Yana da kaifin hankali, ya shiga kwalejin Morehouse yana da shekara 15, aka naɗa shi fasto a 1948, ya yi karatun tauhidi a makarantar Crozer, sa'an nan ya sami digirin dakta a jami'ar Boston a 1955. A Boston ya sadu da Koreta Scott, suka yi aure a 1953, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

A 1954 ya karɓi kiran wata ekklesiyar Baftis a birnin Montgomery ta jihar Alabama. Ran 1 ga Disamba, 1955, aka kama wata mace mai ɗinki, Rosa Parks, don ta ƙi tashi ta ba Bature kujerarta a bas. Baƙaƙen garin suka ɗaure ba za su ƙara shiga bas ba sai an gyara, suka zaɓi sabon faston nan, ɗan shekara 26, ya shugabance su. Kwana 381 suna tafiya da ƙafa ko suna rage wa juna hanya, har Kotun Ƙoli ta ƙasa ta ce rabon nan na cikin bas ba ya bisa doka.

A cikin waɗannan kwanaki wani abu ya same shi wanda bai manta da shi ba har mutuwarsa. Wani dare cikin Janairu 1956 aka buga masa waya, aka ce idan bai bar garin ba za a kashe shi. Barci ya gagara. Ya zauna shi kaɗai a ɗakin girki, ya faɗa wa Allah a fili ƙarfinsa ya ƙare, tsoro kuma ya kama shi. Daga baya ya shaida cewa a daren nan ya ji tabbaci a zuciyarsa, cewa ya tsaya a kan gaskiya, Ubangiji ba zai yashe shi ba. Bayan kwana uku aka jefa bam a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki, amma ba abin da ya same su. Jama'a suka taru a fusace, waɗansu da bindigogi. Ya fito ƙofar gidan da aka fasa, ya roƙe su su koma gida da makamansu, ya tuna musu umarnin Yesu game da ƙaunar maƙiyi. Kada mu zaci abin ya zo masa da sauƙi. A kwanakin nan shi kansa ya nemi izinin riƙe bindiga, aka hana shi, sai daga baya ya sa aka fitar da kowane makami daga gidansa. Yakan ce ruhun aikin daga Almasihu ya samo shi, dabarar yinsa kuwa daga Gandi na Indiya.

Shekarun da suka biyo baya su ne aka fi sani, saboda haka ba za mu daɗe a kansu ba. A 1957 ya je bikin 'yancin ƙasar Gana, a watan Nuwamba 1960 kuma ya zo Ikko sa'ad da aka naɗa Dakta Azikiwe Gwamna Janar. A 1963 aka kulle shi a kurkukun Birmingham a ranar Jumma'ar da muke tunawa da mutuwar Ubangiji. Daga can ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga waɗansu shugabannin addini Turawa guda takwas da suka ce ya yi gaggawa. A garin nan 'yan sanda suka saki karnuka a kan yara 'yan makaranta, suka kuma watsa musu ruwan mesar kashe gobara. Ran 28 ga Agusta ya yi jawabi ga mutum wajen 250,000 a Washinton. A 1964 aka kafa dokar da ta hana rabon launi a wuraren jama'a, aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya yana da shekara 35, ya ba da kuɗin duka ga aikin. A 1965 aka kafa dokar da ta tsare haƙƙin jefa ƙuri'a.

Ba za mu rufe wa masu karatu laifinsa ba, gama Littafi Mai Tsarki bai rufe na Dawuda ba. Hukumar 'yan sandan ciki ta Amurka, wadda ake kira FBI, ta yi shekaru tana sauraren wayarsa a ɓoye, ta gano bai riƙe alkawarin aurensa yadda ya kamata ba. A 1991 kuma jami'ar Boston ta tabbatar ya kwashi rubutun waɗansu ya sa cikin littafin digirinsa bai ambace su ba. Zunubi zunubi ne, ko na wane ne, na mai kiwon garke kuwa ya fi nauyi. Amma masu tonon nan ba tubansa suke nema ba. A 1964 sun aika masa da wasiƙa marar suna don su karya zuciyarsa, ya bar aikin.

Yanzu sai mu zo kan yaƙi. Tun 1965 Amurka take ta zuba sojoji a ƙasar Biyetnam, a gabashin Asiya, tana taimakon gwamnatin kudu a kan 'yan kwaminis na arewa. King ya daɗe yana jin nauyin abin, amma abokansa suka yi ta ja masa kunne, gama Shugaba Jonson, mai yaƙin, shi ne ya sa hannu a dokokin nan biyu na 'yanci. Wa zai so ya ɓata da irin wannan aboki? Duk da haka, ran 4 ga Afrilu, 1967, ya hau mumbari a majami'ar Riverside ta birnin New York, ya soki yaƙin a fili. Ya ce kuɗin da aka yi alkawari za a taimaki matalauta da shi, yaƙi ya cinye. Ya ce ana aika samari baƙaƙe su mutu domin 'yancin da ba su same shi a garinsu ba. Dalilin da ya fi damunsa kuwa shi ne, ba shi da bakin hana samarin unguwa jefa wuta, muddin ya yi shiru a kan wutar da gwamnatinsa take zubawa a kan ƙauyukan wata ƙasa.

Manyan jaridu suka yi masa ca, suka ce ya zubar da girmansa. Waɗansu shugabannin baƙar fata suka janye daga gare shi, ƙofar fadar shugaban ƙasa kuma ta rufe masa. Dama tun 1966 wani binciken ra'ayin jama'a ya nuna kusan mutum biyu cikin uku a Amurka ba su ganinsa da kyau. A ɗaya gefen kuma ga samari baƙaƙe da suka gaji da haƙuri, suna cewa hanyar fasto ta tsufa, ƙarfi sai da ƙarfi. A tsakiyar shekarar 1967 tarzoma ta tashi a birane da dama, a Detroit kaɗai mutum 43 suka mutu. A ƙarshen shekara King ya sanar zai tara matalauta na kowane launi, su je Washinton su zauna har gwamnati ta ji kukansu. Ko a cikin ma'aikatansa ba kowa ya yarda da shirin ba.

Haka 1968 ta same shi, a gajiye, barci ba ya isarsa. A ƙarshen Janairu, a lokacin idin sabuwar shekarar mutanen Biyetnam, wanda suke kira Tet, mayaƙan kwaminis suka auka wa garuruwa fiye da 100 a lokaci guda, har suka kutsa harabar ofishin jakadan Amurka a Saigon. An kore su da hasara mai yawa, amma mutanen Amurka, da aka daɗe ana gaya musu nasara ta kusa, suka daina gaskata shugabanninsu. Sojojin Amurka a can sun wuce 500,000, fiye da 16,000 kuma suka mutu a shekarar nan kaɗai. Ran 16 ga Maris waɗansu sojojin Amurka suka karkashe ɗaruruwan mutanen ƙauyen My Lai, galibinsu mata da yara da tsofaffi, aka ɓoye maganar fiye da shekara guda. A gida kuwa, ran 8 ga Fabrairu, 'yan sanda suka harbe samari baƙaƙe uku a harabar wata kwaleji a garin Orangeburg. Masu karatunmu na Nijeriya za su tuna a wannan lokaci mu ma muna cikin yaƙin basasa. King yana cikin shugabannin baƙar fata na Amurka da suka nemi su shiga tsakani a sulhunta, amma bai rayu ya zo ba.

Abin da ya kai shi wurin mutuwarsa ba babban al'amari ba ne a idon duniya. A birnin Memfis ta jihar Tennessee, masu kwasar shara kusan dukansu baƙaƙe ne, ladansu kuwa ƙanƙane ne, har da yawa cikinsu, ko da yake suna aiki kullum, sai da taimakon gwamnati suke ciyar da iyali. Ran 1 ga Fabrairu ana ruwa, ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, suka fake a bayan motar shara, sai injin matse shara ya tashi da kansa ya murƙushe su. Ran 12 ga wata ma'aikata wajen 1,300 suka shiga yajin aiki. Suna yawo da alluna a wuya, abin da aka rubuta a kai bai wuce cewa su ma mutane ne ba. Magajin garin, Henry Loeb, ya ce ba zai yarda da ƙungiyarsu ba. Fastocin garin suka tsaya tare da su, ɗaya daga cikinsu, James Lawson, ya kira King. Ma'aikatansa suka ce ba lokaci, ga aikin Washinton a gaba. Ya tafi.

Ran 28 ga Maris ya shiga gaban jerin gwanon da aka shirya, amma abin ya ɓaci. Waɗansu samari suka fara fasa tagogin kantuna, 'yan sanda suka auka wa kowa da kulki da hayaƙi mai sa hawaye, aka harbe wani yaro ɗan shekara 16, Larry Payne. Abokan King suka tura shi cikin mota suka fitar da shi. Jaridu suka ce ya gudu, suka ce ga shaida hanyarsa ta mutu. Waɗanda suke tare da shi a daren nan sun ce ba su taɓa ganinsa cikin baƙin ciki irin wannan ba. A ganinmu nan ne gwajinsa mafi tsanani, ya fi na kurkuku, gama a kurkuku maƙiyi ne ya kulle shi, a Memfis kuwa jerin da shi kansa yake gaba ne ya rikiɗe. Da ya so, da ya bar garin, ya ce laifin waɗansu ne. Maimakon haka washegari ya zauna da shugabannin samarin nan masu zafin kai, ya saurare su, ya kuma ƙudura zai dawo ya bi da wani jerin cikin salama.

Ran Lahadi 31 ga Maris ya yi wa'azi a babbar majami'ar Washinton, shi ne wa'azinsa na Lahadi na ƙarshe. A daren nan Shugaba Jonson ya ba mutane mamaki, ya sanar ba zai sake neman mulki ba. Ran 3 ga Afrilu King ya koma Memfis. Jirgin ya yi jinkirin tashi don an ce akwai bam a ciki. Da dare aka yi hadari mai ƙarfi, shi kuwa ba ya jin daɗin jikinsa, sai ya aiki amininsa Fasto Ralph Abernathy ya yi magana a madadinsa a majami'ar Mason Temple. Da Abernathy ya ga jama'ar da suka keto ruwa suka zo, ya buga masa waya ya ce shi suke jira.

Ya zo, ya yi magana ba takarda a hannunsa. Ya ɗauki misalin Basamariye mai kirki, ya ce firist da Balawi sun yi tunanin abin da zai same su idan suka tsaya, Basamariye kuwa ya yi tunanin abin da zai sami mutumin idan bai tsaya ba, haka kuma ya kamata a yi tunani a kan masu kwasar shara. Ya tuna yadda wata mace mai taɓin hankali ta soke shi a ƙirji a 1958, likitoci suka ce ko atishawa ya yi da ya mutu, ya gode wa Allah saboda shekaru goman da aka ƙara masa. A ƙarshe ya ɗauko labarin Musa, wanda aka nuna masa ƙasar alkawari daga kan dutse bai shiga ba. Ya ce shi ma yana son tsawon rai kamar kowa, amma yanzu nufin Allah kaɗai yake so ya yi, watakila ba zai isa can tare da su ba, amma jama'a za su isa, ba ya kuwa tsoron kowa. Da ya gama sai da Abernathy ya tallafe shi zuwa kujera.

Washegari, Alhamis 4 ga Afrilu, ya yini a masaukin Lorraine tare da ƙanensa da abokansa. Da yamma aka kawo masa labari alƙali zai yarda a yi jerin ran Litinin. Yana shirin zuwa cin abinci a gidan wani fasto, ya fito baranda a gaban ɗakinsa, ya roƙi wani makaɗi da yake ƙasa ya kaɗa masa wata waƙar addu'a da yake ƙauna a taron daren nan. Ƙarfe shida da minti ɗaya harsashi ya same shi a muƙamuƙi. Bayan awa guda ya rasu a asibiti, yana da shekara 39. Ranar ta cika shekara ɗaya daidai da jawabinsa a kan yaƙi.

Abin da ya biyo baya abin baƙin ciki ne. Tarzoma ta tashi a birane fiye da 100, aka ƙone unguwanni, galibi na baƙaƙen kansu, mutum wajen 40 suka mutu, aka kama fiye da 20,000. A Washinton hayaƙin gobara yana tashi ba nisa da fadar shugaban ƙasa, sojoji suna tsaron Majalisa. Da sunan mutumin da ya ƙi ramuwa aka yi wannan ramuwa. A birnin Indianapolis kuwa, Robert Kenedi, wanda aka harbe wansa Shugaba Kenedi a 1963, ya tsaya a bayan mota ya faɗa wa taron baƙaƙe labarin rasuwar, ya roƙe su su koma gida su yi addu'a. Garin nan ya kwana lafiya.

Ran 8 ga Afrilu, tun ba a binne mijinta ba, Koreta ta zo Memfis da 'ya'yanta uku, ta shiga gaban dubban mutane, suka yi jerin nan shiru, ba a fasa ko taga ɗaya ba. Washegari aka yi jana'iza a Ebenezer. Aka sa faifan wani wa'azinsa na watan Fabrairu, inda ya roƙa kada a ambaci kyautar Nobel a ranar binne shi, sai dai a ce ya yi ƙoƙari ya ciyar da mayunwata, ya kuma ƙaunaci mutane. Aka ɗora akwatin a kan tsohon keken gona, alfadarai biyu suna ja. A makon nan na shan wahalar Ubangiji, ran 11 ga wata, Jonson ya sa hannu a dokar da ta hana nuna bambancin launi wajen sayar da gida ko ba da haya. Ran 16 ga wata hukumar Memfis ta yarda da ƙungiyar masu kwasar shara, ta ƙara musu kwabo goma na Amurka a kowace awa, da alkawarin ƙarin biyar daga baya.

Shekarar ba ta huce ba. Abernathy ya kai matalauta Washinton, suka kafa bukkoki, ruwa ya yi ta dukansu cikin taɓo, ran 24 ga Yuni 'yan sanda suka tashe su ba su sami abin kirki ba. Ran 5 ga Yuni aka harbi Robert Kenedi a Los Angeles yana neman shugabancin ƙasa, ya rasu washegari. A watan Agusta 'yan sandan Shikago suka yi ta dukan masu ƙin yaƙi a titi, mutane suna kallo a talabijin. A Nuwamba aka zaɓi Nikson, sojojin Amurka kuwa ba su gama fita daga Biyetnam ba sai 1973. Wanda aka kama da laifin kisan King, James Earl Ray, an same shi a filin jirgin sama na Landan ran 8 ga Yuni. Ya amsa laifi a 1969, aka yanke masa ɗaurin shekara 99, daga baya ya janye amsawar, ya mutu a ɗaure a 1998.

A 1983 gwamnatin Amurka ta keɓe Litinin ta uku ta watan Janairu ta zama ranar hutu don tunawa da shi, masaukin Lorraine kuma ya zama gidan tarihi a 1991. Gidansu kuwa bai gama shan wuya da mutuwarsa ba. Ƙanensa, shi ma fasto, ya nutse a ruwa a 1969. Ran Lahadi 30 ga Yuni, 1974, uwarsa Alberta tana zaune a gaban ogan a majami'ar Ebenezer ana cikin sujada, wani saurayi ya tashi ya harbe ta. Tsohon faston, wanda ya binne 'ya'yansa maza biyu da matarsa, ya rayu har 1984, duk inda aka ba shi dama ya yi magana kuwa yakan shaida wa jama'a ba ya ƙin kowa.